Fenti Ba Ya Kama Fomeka Sai An Yi Masa Shimfiɗa

Daga Wakilinmu a Birnin Kebbi

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kuma mai da Birnin Kebbi hedkwatarta, ma'aikatan gwamnati suka yi ta tarewa a unguwanni irin su Gesse. Duk wanda ya leƙa gidajen nan zai tarar da tebura da kabad da sif waɗanda ba katako tsantsa ba ne. Allo ne da aka yi da ɓarɓashin katako, aka cakuɗa shi da gam, aka danne shi da zafi, sa'an nan aka lulluɓe fuskarsa da fomeka.

Irin wannan allo ya bunƙasa ne a ƙasar Jamus zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sabili da ƙarancin katako. Ita kuwa fomeka sunan wani kamfani ne na Amurka, Formica, wanda aka kafa cikin 1913. Araha ce ta shigo da su gidajenmu, amma in sun kwana biyu sai fuskarsu ta koɗe, albashi kuwa ba kullum yake kai wa ga sayen sabo ba.

To, a nan ne mutane da dama ke yin hasara. Sai mutum ya sayo fenti ya shafa kai tsaye, kafin a jima ya ga yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Dalili kuwa shi ne fomeka santsi gare ta, ba ta shan fenti yadda katako ke sha.

Saboda haka lalle ne a fara goge maiƙo da datti da tsumma mai ɗan laima da sabulu, kada a kwara ruwa. Ruwa shi ne babban abokin gaban wannan allo, domin da zarar ya shige shi sai ya kumbura, kuma ba ya sake komawa yadda yake. Bayan ya bushe, sai a bi fuskar da sanfefa mai laushi har ƙyallin ya dushe, amma kada a ci fomekar har allon ya bayyana. Inda ta ɗaga a liƙe ta da gam.

Daga nan sai a shafa fentin shimfiɗa mai mai, wato wanda ake sa wa kafin na ado, a kula da gefuna ƙwarai. In ya bushe, a bi shi da fentin ado sau biyu, kowane shafi siriri. A bar kayan aƙalla mako guda kafin a ɗora musu nauyi.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. Da damina laima na hana fenti bushewa, da hunturu ƙura na manne masa, da bazara kuwa zafi na busar da shi tun bai kwanta ba. Lokacin kaka ya fi dacewa. A yi aikin cikin inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da wuta da yara.

Amma fa allon da ya riga ya kumbura har ya fara marmashewa, fenti ba zai cece shi ba. Gara a kai wa kafinta ya canja wannan ɓangaren tun kuɗin fenti bai salwanta ba.