Masassarar damina: maganin kwana 3 da ke tsare yaro wata guda

Damina lokacin albarka ne. Amma lokacin sauro ne kuma. Daga watan Yuli zuwa watan Oktoba, likitocin Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna cika da yara masu zafin jiki. Mafi yawansu masassarar cizon sauro ce ta kama su.

Wannan cuta ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2023 ta kashe mutum kusan 600,000 a duniya. Fiye da rabinsu a ƙasashe 4 suke: Najeriya, da Kwango ta Kinshasa, da Nijar, da Tanzaniya. A Afirka, cikin mutum 4 da ta kashe, 3 yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Me ke kawo masassara?

Waɗansu na cewa dukan ruwan sama ne. Waɗansu na cewa sabon hatsi ne, ko ɗanyar masara. Ba haka ba ne. Ruwa da sabon hatsi lokaci ɗaya suke zuwa da sauro, shi ya sa ake ɗora musu laifi.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo masassara. Ido ba ya ganin ta. A shekarar 1880 wani likita Bafaranshe, Laberan, ya gan ta cikin jinin marar lafiya a ƙasar Aljeriya. A shekarar 1897 wani likitan Ingila, Ros, ya gano ta cikin sauro a ƙasar Indiya.

Ga yadda abin ke faruwa. Macen sauro ta ciji marar lafiya da dare, ta sha jininsa tare da ƙwayar. Bayan kwanaki ta ciji mai lafiya, ta zuba masa ita. Ƙwayar ta shiga hanta, ta hayayyafa. Daga nan ta shiga jini, tana farfasa shi. Bayan kwana 10 zuwa 15 sai zafin jiki ya taso, da ciwon kai, da rawar ɗari, da amai. Idan abin ya daɗe, jinin yaro ya ƙare.

Sauro cikin ruwan da ke kwance yake yin ƙwai. Kamar kwana 10 ya ishe shi ya fito da fiffike. Garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, da masu tabki ko kududdufin birgi, sun fi fama da shi.

Maganin rigakafi na damina

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawara: kada a jira yaro ya kwanta, a ba shi magani tun yana da lafiya. Nijar ta soma wannan aiki a shekarar 2013. Gidan Rumji na cikin wuraren farko, tare da Madarumfa, da Madawa, da Buza, da Magarya. Daga baya aikin ya bazu. Ma'aikatan lafiya na kiran sa CPS.

Ana ba yara masu wata 3 zuwa waɗanda ba su cika shekara 5 ba. Kyauta ne. Masu rabo suna bin gida gida sau ɗaya a wata, galibi wata 4 a jere.

Maganin na kwana 3 ne. Ran farko yaro ya sha ƙwaya 2 gaban mai rabo. Sai a bar wa uwa ƙwaya 2. Ta ba shi ɗaya kashegari, ɗaya kuma rana ta 3. Ana narka ƙwayar cikin ruwa kaɗan mai tsabta. Na jarirai daban ne, na manyan yara daban. Ba a musanya su.

Maganin yana zama cikin jini kamar kwana 28. Idan sauro ya zuba ƙwayar cuta, sai ta tarar da shi, ta mutu. Da wata ya cika, ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa masu rabo ke dawowa. Gwajin da aka yi ya nuna, cikin masassara 4 da za ta kama yara, maganin na hana 3, in an sha shi daidai.

Inda ake yin kuskure

Wata uwa takan ajiye ƙwayoyin nan 2, ta ce sai ran da yaro ya yi zafin jiki. Kuskure ne. Yaron da ya sha na ran farko kawai bai samu cikakken tsaro ba. Kamar danga ce da aka bar wa ɓaraka, akuya za ta shiga.

Wata takan raba maganin, ta ba yayan yaro ɗan shekara 7. Nan an yi hasara biyu. Bai ishi babba ba, bai ishi ƙarami ba.

Wani lokaci masu rabo su zo, su tarar kowa ya tafi gona. To, idan mai gari ya sa an yi shela, mai gida ya bar uwa da yara a gida ran nan. Noman rana ɗaya ana rama shi. Wanda rabo ya wuce shi ya kai yaro likita tun kwanakin rabo ba su ƙare ba.

Maganin na da ɗaci. Gara yaro ya ci abinci tukuna. Idan ya yi amai kafin rabin awa, a faɗa wa mai rabo, ya sake ba shi. Idan ƙuraje suka feso masa, ko idonsa ya yi rawaya, a daina ba shi, a kai shi likita. A adana katin rabo, a nuna shi kowane wata.

Yaron da ya riga ya kamu

Ba a ba marar lafiya maganin rigakafi. Likita ake kai shi, ran nan, ba gobe ba. A can za a ɗiga jini daga yatsa. Cikin minti 15 zuwa 20 an san ko masassarar sauro ce. Idan ita ce, akwai magani na kwana 3, safe da yamma. A shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana wasa.

Farasitamol yana sauke zafin jiki, amma ba ya kashe ƙwayar. Nibakin da aka sani da, ƙwayar ta saba da shi, ba ya aiki kamar da. Maganin da ake talla a kasuwa cikin rana, babu wanda ya san ingancinsa. Tun shekarar 2006 gwamnati ta yi doka cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Ga alamun haɗari: jijjiga, suma, ƙin nono, aman duk abin da aka sha, numfashi sama sama, tafin hannu ya yi fari. Jijjiga ba iska ba ce. Ƙwayar ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsaya turare da hayaƙi yana ɓata lokaci. A nemi amalanke ko babur, ko da tsakar dare ne.

Sange da awon ciki

Maganin rigakafi bai soke sange ba. Kowa ya kwana cikin sange mai magani, kowane dare, a ɗaki ko a tsakar gida. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. In ya yage, a ɗinke. Sange ba na rufe rumbu ba ne, ba na ɗaure kara ba ne.

Mai ciki ta je awo da wuri. Daga wata na 4 ana ba ta nata magani, aƙalla sau 3, wata guda tsakani. Yana tsare ta daga ƙarancin jini, yana sa jariri ya fito da nauyi.

A cike ramukan da ke cikin gari. A kife fasassun tukwane da gwangwanaye. A rufe randa.

Sabuwar allura

Yanzu akwai allurar rigakafin masassara ta ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ta farko a shekarar 2021, ta biyu a 2023. Nijar ta soma yin ta a Gaya, cikin jahar Doso, a watan Satumba na 2024. Sau 4 ake yi. Tana rage cutar, amma ba ta hana ta duka. Iyaye su tambayi malamin likita labarinta ran da suka kai yaro allura.

Ana iya cin nasara kan wannan cuta. An tabbatar Aljeriya ta rabu da ita a 2019, Masar kuma a 2024. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari kafin masu rabo su iso.