Yadda Ƙwan Ƙuda Yake Bambance Kai da Gindi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kazaure ko ta Babura a lokacin mangwaro, zai ga waɗansu mitsi-mitsin ƙudaje masu jajayen idanu suna shawagi bisa ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Masana suna kiransu Dorosofila. Ƙwansu kamar rabin milimita ne, amma tun yana cikin uwa an riga an ƙayyade inda kai zai fito.

Ƙwayoyin halitta 15 ne suke renon ƙwan, suna ɗura masa saƙonnin gado, wato RNA. Saƙon bikoyid yakan tare a gaba, na oska kuwa a baya. Saƙon oska a kulle yake tafiya, ba a karanta shi sai ya isa mazauninsa. Na bikoyid kuma sai ƙwan ya bar kwan mahaifa. Idan uwa ta rasa bikoyid, tsutsar ba ta yin kai, sai ta mutu cikin ƙwai.

Binciken halittar wannan ƙuda ne ya jawo wa Christiane Nüsslein-Volhard ta Jamus da waɗansu masana biyu lambar Nobel a 1995, ya kuma taimaki likitoci wajen fahimtar nakasar da ake haihuwar jarirai da ita.