Ranar da Asibiti Ya Cika: Aikin Masu Sa Kai

A cikin Ayyukan Manzanni sura 16 an ba mu labarin babbar girgizar ƙasa da aka yi a Filibi da tsakar dare, sa'ad da Bulus da Sila suke kurkuku bayan an yi musu dūka. A wannan daren ne yari ya wanke musu raunukansu. Yari ba likita ba ne. Ruwa yake da shi, da hannu biyu. Yau za mu duba abin da mutum irinsa zai iya yi a asibiti a ranar masifa, da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Mu a Damagum ba mu saba da girgizar ƙasa ba. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, amma ƙanana ne. Don haka bari mu leƙa ƙasar Haiti, wadda take a tsibiri kusa da Amurka. Ranar 12 ga Janairu 2010 girgiza ta rushe babban birninta. Gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka mutu sun wuce 200,000. Asibitoci sun rushe, makarantar koyon aikin jinya ta fāɗa a kan ɗalibanta. Kafin jirgin agaji na farko ya sauka, maƙwabta ne suka tone maƙwabtansu da hannu.

Daga baya likitoci masu sa kai suka zo daga ko'ina. Ƙungiyar likitocin nan da ake kira MSF kaɗai ta yi tiyata fiye da 16,000 a cikin wata goma. Amma wasu baƙin sun zo ba shiri. Ba su jin harshen mutanen. Sun yi tiyata, suka koma gida bayan 'yan kwanaki, ba su bar takarda ba, ba su bar wanda zai wanke gyambon ba. Wannan ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodi: duk ƙungiyar da za ta kai agaji ta yi rajista, ta zo da kayanta, ta yi aiki a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasar da ta je. Kyakkyawar niyya tana bukatar mai ja mata gora.

To, mu fa? Ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati a Potiskum, ɗalibai suna taron safe. Fiye da mutum 40 suka rasu, aka kwashi masu rauni zuwa babban asibitin garin. Ko babu bam, hanyar Potiskum zuwa Damaturu ta ratsa garinmu, mun kuwa san hatsarin mota. Da damina ginin ƙasa yakan jiƙe ya fāɗa wa masu barci. Raunin wanda bango ya danne a Fune ɗaya ne da na wanda bene ya danne a Haiti.

A irin wannan rana ma'aikata sukan tantance masu rauni. Wanda numfashinsa yake toshewa ko jini yake masa zuba, shi ne na farko. Mai karaya zai jira. Wannan yana da zafi ga dangi, gama kowa nasa yake gani. Amma mai ihu da ƙarfi yana da numfashi. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Mai sa kai da ya fahimci haka zai tsaya a bakin ƙofa, ya rarrashi dangi, ya buɗe hanya. 'Yan agaji na masallatai, da na Red Cross, da samarinmu na Boys' Brigade sun san wannan aiki, kuma ba a tambayar mai rauni addininsa.

Akwai wani abu da muke so kowane gida ya riƙe. Idan nauyi ya danne ƙafa ko hannu na sa'o'i, naman wurin yakan mutu. Da an ɗaga nauyin, dafin mataccen naman sai ya shiga jini. Yana iya tsayar da zuciya, yana iya toshe ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu. Wani likita a Landan, Eric Bywaters, ya bayyana wannan a 1941, a kan mutanen da aka tono daga gidajen da bam ya rushe. Mutum zai fito yana magana, har yana godiya, dangi su ce ya tsira. Kada a kai shi gida, kada a fara da mai ɗori. A kai shi asibiti don ƙarin ruwa, a gaya wa ma'aikata tsawon lokacin da ya yi a danne. Mai jinya ya lura da fitsarinsa: idan ya yi duhu kamar shayi, ko ya ragu, a faɗa nan da nan.

Jini kuwa ba a ƙera shi, daga jikin mutum yake fitowa. Baligi yana da wajen lita 5, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 zai iya bayarwa, bayan an gwada jinin. Da yawa cikinmu muna tsoro, muna cewa ƙarfin noma zai tafi. Ba ya tafiya.

Sauran aikin ba shi da suna, amma asibiti ba ya tafiya sai da shi. A danne rauni da tsumma mai tsabta, ba toka, ba ƙasa, ba man inji. Wanda ya bugu a wuya ko baya, a ɗauke shi a miƙe a kan ƙyaure. Kada a ba mai jiran tiyata abinci, ko da 'yan Zumuntar Mata sun kawo kunu. A ba masu jinya da ma'aikata. Allura da ɗinki ba namu ba ne.

Mu da muke da wani harshe a gida muna da aiki na musamman. Tsohuwar da ciwo ya kama takan koma Karekarenci ko Ngizimanci ko Bolanci, ma'aikacin kuwa wataƙila daga wata jiha ya zo. Ka tsaya a tsakaninsu, ka faɗi abin da ta faɗa daidai, ba ƙari ba ragi. Ka rubuta sunanta, da ƙauyenta, da lambar wayar wani nata, ka maƙala takardar a zanenta, domin idan aka wuce da ita Damaturu da dare danginta su san inda za su nema.