Soyayyar shan minti a bakin mawaƙa: Mace ake jifa, namiji ya sulale

A mararrabar Jega, da zarar la'asar ta yi sanyi, kiɗa ne ke karɓe gari. Ga manyan motoci da suka taso daga Sakkwato za su gangara Maiyama, Koko da Yawuri, ga waɗanda suka yi lodin albasa a Aliero za su nufi Kudu. A rumfunan masu cajin waya da tura waƙa kuwa, lasifika ba ta hutawa. 'Yan kabu-kabu, yaran mota, 'yan mata masu talla da ɗalibai, kowa da waƙar da yake so a zuba masa a waya, kuma akasari ta soyayya ce.

To, amma wace irin soyayya? Wadda ake rerawa a faifai kullum tana ƙarewa ne da lefe da ɗaurin aure. Wadda ake yi a ɓoye kuwa, wato wadda matasa ke kira shan minti ko holewa, ba ta da waliyyi, ba ta da sadaki, sau tari ma ba ta kai wata guda. Kowa ya san akwai ta, a birni da ƙauye. Shin mawaƙan Hausa suna faɗin gaskiyar abin da take barin wa zuciya bayan an watse?

Bulalar magabata

Batun ba sabo ba ne, kuma Jega na da hannu dumu-dumu a tarihinsa. A nan aka haifi fasihin nan Alhaji Aƙilu Aliyu a 1918, wanda ya rasu a 1999. Cikin waƙoƙinsa da aka tattara a littafin Fasaha Aƙiliya na 1977 akwai "'Yar Gagara", inda ya yi wa mace mai zaman kanta kaca-kaca da kaifin harshen da aka san shi da shi. Kafin shi, Mu'azu Haɗeja ya yi waƙar "Karuwa" a kan wannan turba. Waƙoƙi ne na gargaɗi, an karanta su a makarantu, kuma babu mai musun fasahar da ke cikinsu.

Sai dai mai lura zai ga abu ɗaya: fitilar a fuskar mace aka haska ta. Ita ce fitina, ita ce mai raba miji da mata, ita ce mai cinye dukiya. Wanda ya yi sallama a ƙofarta da dare, ya fita kafin asuba, ya tafi masallaci a sahun gaba, shi ba kasafai ake yi masa waƙa ba. Abin da ita take ji a ranta idan ɗaki ya yi shiru kuwa, wannan ba a cika tambaya ba.

Da fim ya zo

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa suka fara neman hanyar nuna so ba tare da saɓa wa al'ada ba. Jarumi ba zai taɓa jaruma ba, balle runguma. Sai furodusoshi suka ari dabarar Indiyawa: duk abin da hannu ba zai yi ba, a bar wa waƙa ta yi. Da an kai wurin da zuciya ta cika, sai fiyano ta tashi, a ga masoya cikin lambu suna zagaye bishiya, an sake kaya sau uku kafin baiti ya ƙare.

Wannan dabara ta yi kasuwa, musamman bayan Sangaya, amma ta zo da nata gurɓin. Waƙar fim ta iya kwatanta farkon so, kallon farko, rashin barci da bugun zuciya. Ƙarshen so, musamman wanda aka tsallake iyaka a cikinsa, ba ta da bakin faɗarsa.

Fim ɗin Wasila na 2000, wanda Yakubu Lere ya shirya, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya yi ƙarfin halin taɓa batun. Ali Nuhu ya fito a matsayin Jamilu, mijin da matarsa ta ci amanarsa da wani. Labarin ya nuna kunya da nadama ƙarara. Amma a tambayi 'yan kallon wancan zamani abin da ya fi zama a kansu, za a tarar waƙar soyayyar ce, ba kukan da ya biyo baya ba.

A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Jihar Kebbi ita ma ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. Daga nan kowane marubucin waƙa ya san inda zai taka da inda zai ɗauke ƙafa.

"Yaudara", kalma mai babban buhu

Da yake an ce in an toshe wa ruwa hanya sai ya nemi wata, mawaƙa sun samo kalmar da suke zuba komai a ciki: yaudara. A saurari waƙoƙin rabuwa na irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, za a ji alkawarin da aka karya, wayar da aka daina ɗauka, hawaye da dogon tunani. Mawaƙin bai ce an aikata komai ba, kuma wataƙila ba haka yake nufi ba. Amma budurwar da samarin shaho suka yi wa ɗauki-ɗaiɗai, idan ta sa abin sauraro a kunne, nata labarin take ji.

Nan ne ƙarfin waƙar yake, nan ne kuma rauninta. Tana lallashi, amma ba ta kiran ciwon da sunansa. Ba ta maganar fargabar ɓatan wata, ba ta maganar tsoron cutar ƙanjamau, ba ta maganar daren da za a kai amarya ɗaki da abin da take ɓoyewa a ciki. Ba ta maganar saurayin da shi ma ya wayi gari yana ƙyamar kansa, domin ba kowane namiji ne ke fita lafiya lau ba. A Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗorin karaya, kuma mai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, matashin da ƙafarsa ta karye ya san gidan da zai nufa. Wanda zuciyarsa ta karye ta wannan hanya, sai dai ya ƙara wa waya murya.

A ɗaya gefen kuma akwai sababbin jini na zamanin TikTok, masu fito da zancen fili. A 2022 waƙoƙin Ado Gwanja, "Warr" da "Chass", sun jawo ce-ce-ku-ce, har wasu lauyoyi suka kai ƙararsa da wasu matasa kotun Musulunci a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Irin wannan salo ya fi na da tsaurin ido, amma shagali da habaici yake tallatawa. Daɗin ake nunawa, ba a nuna wayewar gari.

Wa ke kwana a ciki?

Abin da waƙa ke yi, shi rayuwa ke maimaitawa. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta Jihar Sakkwato ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa saboda cikin da aka gani, yayin da aka sallami namijin da ta ambata don babu shaidu. Sai a Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta. A industiri ma haka abin yake. A Oktoba 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ, kuma sunanta ne ya fi yawo a bakin jama'a. Laifi na mutum biyu, amma kaya a kan mutum ɗaya.

Darasi daga Fagada

Abin sha'awa, wannan yanki ya taɓa fitar da mawaƙin da bai ji tsoron leƙa duniyar da jama'a ke ƙyama ba. Alhaji Muhammadu Gambo, wato Gambu mai waƙar ɓarayi, ɗan Fagada ne a ƙaramar hukumar Maiyama. Ya shafe shekaru yana bayyana halin ɓarawo daga ciki: dabararsa, alfaharinsa da irin ƙarshen da yake gamuwa da shi. An zarge shi da zuga ɓarna, daga baya ya tuba ya ajiye waƙar, ya rasu a 2016. Ko me za a ce game da shi, wanda ya saurare shi ya san ɓarawo fiye da yadda ya san shi a da.

Irin wannan ƙarfin hali ne waƙar soyayya ke nema, ba tare da batsa ba, ba kuma tare da zagi ba. Harshen Hausa na da wadatar sakaya zance da zai ɗauki nauyin. Mawaƙin da zai iya sa yarinyar da aka yaudara ta yi magana da bakinta, ya kuma juya fitila kan saurayin da ya sulale ya tambaye shi yadda yake barci, zai yi wa'azin da ya fi bulala shiga jiki. Hukumar tace finafinai ba ta hana wannan ba, malamai ma ba za su ƙi ba. Saura mai alƙalami da mai fiyano su yarda su gwada.