Rinin baba a Kano: yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa yake ja da baya

Marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano na cikin tsofaffin wuraren sana'a da har yau ake aiki a cikinsu a Afirka ta Yamma. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sai dai yawancin ramukanta a yau a bushe suke, wasu ma sun cika da shara. Kafin a fahimci abin da ya kai ta ga wannan hali, sai an san yadda rinin kansa yake.

Yadda ganye ke zama shuɗi

Tushen sana'ar shi ne baba, tsiron da ganyensa ke ɗauke da sinadarin shuɗi. Ana daka ganyen a dunƙula shi a shanya, sannan a zuba shi cikin rami mai zurfi tare da ruwa da toka da kanwa. Daga nan sai jira. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da haɗin, su cinye iskar da ke cikin ruwan, har shunin ya narke. Shuni ba ya narkewa a ruwan banza, don haka in ramin bai nuna ba, babu launin da zai kama zare.

Idan marini ya tsoma farin ƙyalle na auduga ya ɗago shi, da launin kore-kore yake fitowa. Iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idon mai kallo, ta kuma kulle launin a cikin zaren. Shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa: kowane tsomi na ƙara duhu, har a kai ga shuɗin da ya kusa zama baƙi. Bayan ya bushe sai a kai wa mabuga, su yi ta bugunsa da guduma ta itace har ya yi sheƙi. Ko dattin da ya kwanta a gindin ramin ba a zubar da shi. Katsi ke nan, wanda ake ƙonawa a yi laso, simintin gargajiya da ake shafe ramuka da shi.

Akwai sauran launuka ma daga tsirrai. Saiwar rawaya na ba da ruwan ɗorawa, karan dafi na ba da ja, ko da yake dukawa sun fi amfani da shi a kan fata. Waɗannan ba su kama auduga da ƙarfi kamar baba, abin da ya sa shuɗi ya zama sarkin marina.

Masana'antar da ta ciyar da birni

Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kai wa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara. Garin Kura ya shahara da turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa har shuninsa ya zauna musu a fata. Manomin auduga, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mabugi, da fatake, duk a kan wannan sana'a suke ci.

Abin da ya karya ta

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Ramin baba na buƙatar makonni kafin ya nuna. Rinin zamani kuwa, da ruwan zafi da soda da ɗan sinadari, cikin yini guda an gama. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka bunƙasa tun daga kafa Kaduna Textiles a 1957, suka durƙushe saboda rashin wuta da fasa-ƙwauri, noman auduga ya bi bayansu. Yau yadin China mai araha ne ya cika Kantin Kwari.

Manufofin gwamnati ma ba su tsaya wuri guda ba. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da tufafi samun kuɗin waje daga hannunsa, a 2023 kuma ya janye takunkumin. Duk waɗannan matakai manyan masaƙu aka duba da su, marini na gefe.

Arahar rinin zamani kuma akwai wanda ke biyan kuɗinta. Ruwan da ƙananan masu rini ke zubarwa a magudanan unguwanni na gangarawa rafuffuka irin su Jakara, inda ake noman rani na kayan lambu da mutanen birni ke ci.

Abin da ya rage a yi

Muddin ana kallon Ƙofar Mata a matsayin wurin kai baƙi su ɗauki hoto kawai, ramukan za su ci gaba da bushewa. Marina na buƙatar a farfaɗo da noman baba, a samar da alamar da za ta bambance rinin gargajiya da na sinadari don mai saye ya san abin da yake biya, a kuma tilasta dokar tace ruwan rini. Sanin ƙanshi da kumfar ramin da ya nuna ba a rubuce yake ba. Yana kawunan dattawan da suka rage a bakin aiki. Tambayar da ya dace matasa su yi wa masu neman ƙuri'unsu ita ce: nawa aka ware wa wannan sana'a a kasafin kuɗi, kuma ina kuɗin suka tafi?