Farfaɗiya a Wurin Aiki: Wa Ya Kamata Ya Sani?

A shekarar 1964 wani saurayi ɗan jihar Kalifoniya mai suna Tony Coelho ya gama jami'a da niyyar zama limamin cocin Katolika. Sai gwajin likita ya nuna yana da farfaɗiya, ciwon da dokar cocin ta wancan lokaci ta hana mai shi limanci. Aka karɓe masa lasisin tuƙi. Takardun neman aiki kuwa suna da gurbin da ake tambayar ko mutum yana da farfaɗiya, kuma da ya faɗi gaskiya, shiru kake ji. Iyayensa, 'yan asalin Fotugal, sun ɗauka shaiɗan ne ya shige shi, abin da ba zai ba mutumin Kano ko Damagaram mamaki ba.

Coelho ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka a zaɓen 1978, shi ne kuma ya gabatar da ƙudurin da ya zama dokar kare masu naƙasa ta 1990. Dokar ta hana mai ɗaukar ma'aikata tambayar lafiyar mutum kafin ya yi masa tayin aiki. Ingila ma ta sa irin wannan sharaɗi a dokarta ta daidaito ta 2010.

Najeriya tana da tata. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai yaron shago, mai gadi da 'yar aikin gida ba su da ko takardar ɗauka. Ranar da ciwo ya tashi a gaban maigida, abin da za su ji shi ne "je ka huta tukuna, za mu neme ka". Mai ɓoyewa yana da hujja, kuma wanda bai taɓa rasa abincinsa ba bai kamata ya yi saurin ganin laifinsa ba.

Tsoron da ake yi wa ciwon ya fi ƙarfin ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Matsala ce ta saƙonnin lantarki a ƙwaƙwalwa, kuma yawun mai ita ba ya harbin kowa. Amma da yake a wurare da yawa asibitin masu taɓin hankali ake zuwa karɓar maganin, irin su Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, sai mutum ya gwammace ya ƙirƙiro rasuwa a ƙauye da ya ce can zai je.

Ɓoyewar ma ba kyauta ba ce. Rashin barci da tsallake magani suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, ga shi wanda bai faɗa ba ba shi da bakin cewa a cire shi daga aikin dare. A wasu sana'o'in kuwa maganar ta wuce zaɓi. Direban haya, birkila a kan bene, mai tuya a bakin kasko, mai aikin injin niƙa, duk rai ne a tsakani, wani lokaci har da na wasu. A Ingila sai mutum ya shekara 10 bai faɗi ba, kuma ba ya shan magani, kafin a ba shi lasisin bas ko babbar mota.

Ga mai aikin ofis ko koyarwa da magani ya karɓe shi, ba dole kowa ya sani ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ya bari aikin ya tabbata, sannan ya zaɓi shugabansa na kusa da abokin zama ɗaya mai riƙon amana. Ya zo da takardar likita, ya faɗi yadda nasa yake zuwa, domin ba kowa ke faɗuwa yana kumfa ba. Wani ƙura ido kawai zai yi na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauka raini ne. Ya kuma faɗi abin da yake buƙata, ko da ranar asibiti ce kawai.

Shi wannan abokin zama shi ne zai hana taron jama'a cusa cokali a baki, ko danne mutum, ko kwara masa ruwa. Zai kawar da kujeru, ya sa riga a ƙarƙashin kai, ya juya shi a kan gefensa in jijjigar ta lafa, ya duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi kafin mutum ya farfaɗo, sai asibiti.