Gizo-gizon Ƙasa da Maganar Fitsarin Tautau

Da zarar damina ta kankama a Kaduna, daga Malali da Unguwar Rimi har Kawo da Hayin Banki, sai ka fara jin ana cewa, "Tautau ne ya yi masa fitsari." Yaro ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari da jan zane a wuya mai raɗaɗi, kafin yamma wurin ya ɗuri ruwa. Uwa ta ɗaga tabarma, wani ɗan baƙin gizo-gizo ya sheƙa da gudu, shi ke nan an kama mai laifi. Ciwon kam akwai shi, amma wanda aka ɗora wa bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Wannan mai gudun, sau da yawa ɗan dangin da masana ke kira Gnaphosidae ne, wato gizo-gizon ƙasa. Dangi ne babba mai nau'i fiye da 2,000, cikin fiye da 50,000 da kundin gizo-gizon duniya na gidan tarihin birnin Bern, a Suwizalan, ya ƙirga zuwa 2022. Masu cewa ɗan'uwan tururuwa ne ko kyankyaso sun yi kuskure. Waɗancan ƙafa shida gare su, jiki kashi uku, ga 'yan gashin shinshina a ka. Shi kuwa ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu, kai da ƙirji a haɗe sai ciki, ba fiffike. Makusantansa su ne kunama da kaska.

In ka kife shi da kofin gilashi ka haska masa fitilar waya, za ka ga abin da ya raba shi da sauran. Yawanci baƙi ne ko ruwan ƙasa, tsawonsa ba kasafai yake wuce milimita 15 ba. Idanunsa takwas ne a jeri biyu, kuma biyun tsakiya na jerin baya ba zagayayyu ba ne, a karkace suke, suna ɗan ƙyalli. A ƙarshen cikinsa akwai wasu tsinke biyu da suka leƙo, a ware da juna, kamar bakin bututu. Su ne mutane ke nunawa su ce ga ƙarin da yake harbi da shi, irin na kunama. Sam, gizo-gizo ba shi da ƙari. Ta nan zare ke fitowa.

Zaren nan kuwa abin a tsaya a kansa ne. An saba cewa kowane gizo-gizo yana kafa yana ya zauna jiran ƙuda, amma wannan maharbi ne mai yawon dare a ƙafa. Da rana yakan shige wata 'yar jaka da ya saƙa a ƙarƙashin dutse, ko bulo, ko tarin ganye. Wani bincike da Jonas Wolff da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna yadda wasu daga cikinsu ke fitar da zare mai danƙo su ɗaure ƙafafu da bakin abin da suke farauta, har su kayar da gizo-gizon da ya fi su girma. A ganina, halittar da ke kwana tana rage mana ƙananan ƙwari a tsakar gida ta cancanci a tura ta waje da tsintsiya, ba sai an bi ta da takalmi ba.

Yana da dafi? E, wannan gaskiya ce. Kusan duk gizo-gizo na da shi, yana fita ta 'yan haƙora biyu da ke gaban baki. Sai dai na wannan dangi don ƙwari aka yi shi. Da wuya ya ciji mutum sai an danne shi, in ma ya ciza, ɗan zafi ne da kumburi da ke wucewa. Wanda ya kamata a kiyaye wani dangi ne daban, Latrodectus, mai ƙulluɓaɓɓen ciki da tambari ja ko ruwan lemo a ƙasansa, da ke kafa hargitsattsiyar yana a ƙarƙashin kujera ko cikin tsohuwar taya.

Batun fitsari kuwa ba shi da tushe. Gizo-gizo ba ya fitar da ruwan fitsari irin namu. Abin da yake kasayarwa ɗan farin ɗigo ne mai kauri da ke bushewa nan take, kuma ba ya ƙona fata. Mai aika-aikar a mafi yawan lokuta wani siririn ƙwaro ne, Paederus, mai launin baƙi da ruwan lemo, da bai kai santimita 1 ba. Yana hayayyafa a wurare masu danshi irin gaɓar Kogin Kaduna da lambunan da ke bin ta, kuma hasken lantarki na janyo shi cikin ɗaki da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. Ruwan jikinsa ne ke da guba, saboda haka sai mai barci ya murƙushe shi ya goge a fata, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙunar ta fito a miƙe daidai inda hannu ya bi. In a lanƙwasar hannu ne, sai ka ga tabo biyu suna kallon juna. Wanda ya gan shi a jikinsa ya hure shi da baki, in kuwa ya riga ya murƙushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa nan da nan, kada ya taɓa ido.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwo na biyu da ake laƙaba wa tautau. Ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, su zagayo haƙarƙari ko su kama rabin goshi, da zugi mai tsanani tun kafin su bayyana. Wannan ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta, ta farka saboda tsufa ko raunin garkuwar jiki. Maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72, kuma a daidai waɗannan kwanaki ukun ne ake zaune a gida ana shafa toka ko man goge baki. Mai irin wannan alama ya nufi asibiti, ko na unguwa ko na Barau Dikko. In ƙurajen sun doshi ido ko sun fito a kan hanci, a wuce da shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke wajen Mando a ranar, domin cutar na iya taɓa gani.